Sharhi kan Dognition: Gwajin da Ke Auna Yadda Kare Yake Karanta Hannun Mai Shi

Dognition shafi ne na intanet da aka buɗe a shekarar 2013 domin masu karnuka, inda mutum yake biyan kuɗi a ba shi jerin wasannin da zai yi da karensa a cikin ɗaki, yana shigar da abin da karen ya aikata a waya ko kwamfuta bayan kowane zagaye, har a ƙarshe a fitar masa da rahoto kan yadda dabbar tasa take tunkarar matsala. Wanda ya jagoranci kafa shi shi ne Brian Hare, malami a Jami'ar Duke ta Amurka kuma wanda ya assasa cibiyar nazarin tunanin karnuka da ke jami'ar, kuma cikin masanan da suka sa hannu a aikin akwai Juliane Kaminski da Josep Call da Ádám Miklósi, waɗanda duk mai bibiyar wannan fanni ya saba da sunayensu. An kasa wasannin gida 5: na shaƙuwa, na sadarwa, na wayo, na tuna abu, da na gano dalili. Kayan aikin ba su wuce kofuna da takarda da 'yan takardu masu mannewa da ɗan abin kwaɗayin da karen yake so ba, sai kuma mutum na biyu wanda zai riƙe karen ya sake shi idan lokaci ya yi.

A ganina wasannin nuni, wato waɗanda mutum yake nuna wa kare abu da hannu ko da ƙafa, su ne ƙashin bayan wannan hidima, kuma su kaɗai sun isa su sa mai kare ya ba da lokacinsa. Inda nake da ja shi ne rahoton ƙarshe da laƙabin da ake liƙa wa kare, domin nauyin da aka ɗora musu ya fi ƙarfin abin da 'yan zagaye kaɗan za su iya ɗauka.

Dalilin da ya sa nuni ya samu wannan matsayi yana da tarihi. Jariri yakan fara nuna abu da yatsa, ya kuma fara bin yatsan wani, wajen cikarsa shekara guda, tun kafin bakinsa ya buɗe sosai, kuma masana sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin harsashin da magana take hawa kansa. Da aka gwada birai nau'in cimfanzi, waɗanda suke cikin dabbobin da suka fi kusanci da mutum a halitta, aka ɓoye abinci a ɗaya daga cikin mazubi biyu sannan aka nuna musu wanda yake ciki, sai aka ga galibinsu ba sa amfana da nunin, duk kuwa da basirarsu a wasu fannoni. Hare yana ɗalibi a Jami'ar Emory a ƙarƙashin Michael Tomasello lokacin da ya ce karen gidansu, Oreo, yana iya abin da biran suka kasa, aka ce ya je ya gwada, ya gwada kuma abin ya tabbata. A 1998 aka wallafa sakamakon farko, kuma a shekarar ce Miklósi da abokan aikinsa a Budafes ta ƙasar Hangari suka fitar da nasu binciken mai kama da shi ba tare da ɓangarorin biyu sun haɗa kai ba. A 2002 Hare da Tomasello da wasu suka wallafa a mujallar Science cewa karnuka sun fi cimfanzi, sun kuma fi kyarketai da mutane suka rena, iya bin alamar da mutum ya yi, har suka ce zaman dubban shekaru tare da ɗan Adam ne ya sassaƙa wannan baiwa a cikin jinin kare. Wannan bincike ne aka sauƙaƙa aka mai da shi wasan da kowa zai yi a gida.

Yadda wasan nuni da hannu yake gudana abu ne mai sauƙi. Mai kare zai tsaya yana fuskantar karensa da ɗan tazara a tsakani, mataimaki yana riƙe da karen, sai ya ajiye loma ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, kowace gwargwadon tsawon hannu, sannan ya miƙa hannu ya nuna guda, a saki karen, a rubuta wadda ya fara dosa. Ana yin haka sau 6, ana sauya ɓangare kamar yadda shafin ya umarta. Akwai bidiyo da ke nuna kowane mataki kafin a fara, akwai kuma zagayen ɗumama jiki domin kare ya gane cewa an yarje masa ya ci, kuma wannan tsari ya yi kyau ƙwarai, domin mutumin da bai taɓa gudanar da gwaji ba zai iya binsa ba tare da ya rikice ba. Lokacin da na yi da karena, ƙanena ne ya riƙe shi, kuma shi ne ya fara lura da abin da ni, da nake tsaye a gaba, ban kama ba. Ya ce, "Yaya, ka ga fuskarka yake fara kallo kafin ya kalli hannun?" Da na sa ido sai na ga haka abin yake: kunnuwa a miƙe, ido a kan idona, sannan kallon ya gangara ta kafaɗa ya bi damtse zuwa yatsa, kafin ƙafar gaba ta ɗaga. Duka wannan bai kai daƙiƙa biyu ba, kuma shekara da shekaru yana yin haka a gabana ba tare da wani abu ya tilasta mini in tsaya in gani ba. Babban amfanin wasan ke nan a wurina, wato yana rage saurin abin da ke faruwa kullum har ido ya iya bin sa.

Wannan kallon fuska ba ƙaramin abu ba ne. Kaminski da abokan aikinta sun nuna a 2012 cewa kare yana bin hannu sosai idan mutum ya fara haɗa ido da shi ko ya kira hankalinsa, amma idan hannun ya miƙe zuwa wajen abincin ba da niyya ba, kamar mai duba agogon hannunsa, karen ba ya ba shi muhimmanci iri ɗaya. Ma'ana, kafin kare ya tambayi ina hannu ya nufa, yana fara tantance ko da shi ake. Duk wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa karensa yake yin biris da nuni idan an yi shi ana kallon wani wuri ko ana hira da wani, kuma zai daina ɗora wa dabbar laifin taurin kai.

Akwai wani abu a tsarin wasan da ya kamata a tsaya a kansa, domin a nan gizo yake saƙa. A gwaje-gwajen jami'a, abincin a ɓoye yake a ƙarƙashin mazubi ɗaya, ɗayan kuma wayam, saboda haka nunin yana ɗauke da labarin da karen ba shi da shi. A Dognition kuwa loma tana kowane ɓangare, kuma karen yana ganin duka biyun. Wannan dabara tana da fa'ida ta gaske: hanci ba zai taimaka masa ya zaɓa ba tunda ƙamshin yana nan da can, kuma ba a koya masa amsa ta hanyar ba shi lada a wuri ɗaya a hana shi a ɗayan, don haka abin da ya yi a zagaye na shida bai gurɓata da abin da ya samu a na farko ba. Sai dai dabarar ta sauya tambayar da ake yi. Karen da ya bi hannu a nan bai bi don an sanar da shi inda abinci yake ba, tunda ya riga ya sani. Ya bi ne don ya ɗauki hannun a matsayin shawara ko umarni, ko kuma don hankalinsa ya ja zuwa wannan gefen. Masana kansu sun daɗe suna muhawara kan ko kare yana ɗaukar nuni a matsayin labari ne, wato "ga shi can," ko a matsayin oda, wato "je can," kuma wannan wasa ya fi auna na biyun. Haka nan karen da ya bar inda aka nuna ya tafi ɗaya gefen bai faɗi komai ba, domin ya samu lomarsa daidai da wanda ya bi. Na yaba wa shafin da bai kira wannan ci ko faɗuwa ba, sai ya ɗora kare a kan ma'auni mai baki biyu, daga mai dogaro da kansa zuwa mai haɗa kai da mutum. Wannan adalci ne, kuma ya dace da abin da wasan yake iya nunawa.

Wasan nuni da ƙafa shi ne wanda aka fi yi wa tunani a cikin jerin. Komai iri ɗaya ne da na hannu, sai dai mutum yana miƙa ƙafarsa ne wajen loma ɗaya. Hikimar ita ce kusan kowane kare ya ga hannu yana jefa masa abu ko yana ajiye masa kwano sau ba adadi, don haka ana iya cewa sabo ne kawai ya koya masa bin hannu, amma ba kasafai ake nuna wa kare abu da ƙafa ba. Idan ya bi ta, to ya ɗauki darasin da ya sani ya shimfiɗa shi a kan sabuwar alama. Wani bincike da Gabriella Lakatos ta jagoranta a Budafes, wanda ya fito a 2009, ya kwatanta karnuka da yara 'yan shekara 2 da 'yan shekara 3, aka tarar karnuka sun fi kama da 'yan shekara 2: suna bin duk gaɓar da ta fito daga jikin mutum ta yi tsini zuwa wani gefe, hannu ce ko ƙafa. Idan mutum ya naɗe hannu a ƙirji yana nuna dama da yatsa alhali gwiwar hannunsa ta ɓullo ta hagu, karnuka sukan rikice, su kuwa 'yan shekara 3 yatsan suke bi. Wannan ya nuna iyakar abin: kare yana karanta surar jiki gaba ɗaya fiye da yadda yake karanta ɗan yatsa, kuma mai son karensa ya gane shi zai fi cin riba idan ya miƙa hannu sosai ya fita daga jikinsa maimakon ya ɗan karkata yatsa a gaban cikinsa.

Wasan da ya fi taɓa ni yana cikin rukunin tuna abu, ba na sadarwa ba. A nan mutum yana kifa kofuna biyu, ya sa loma a ƙarƙashin ɗaya a kan idon karen, sannan ya nuna ɗayan wanda babu komai a ciki. Karena ya ga inda lomar ta shiga, ya ga hannuna ya nufi wani wuri dabam, da aka sake shi sai ya yi taku biyu ya ja birki a tsakiya, ya kalli kofin da ya sani, ya ɗago ya kalle ni, wutsiyar da take kaɗawa ta tsaya cak. A wasu zagayen ya bi hannuna ya ture kofin wofi da hanci, a wasu kuma gani ya kori ji, ya tafi inda idonsa ya shaida masa. Wannan tsayawar da ya yi a tsakiya ta gaya mini abin da lissafin zagayen ba zai iya gaya mini ba, cewa hannuna yana da nauyin da har zai sa shi ya yi shakkar abin da ya gani da idonsa. Masu bincike a Hangari sun nuna tun 2003 cewa karnuka sukan bi nuni zuwa mazubin wofi ko da ƙamshin abinci yana fitowa daga ɗayan, amma idan sun ga inda aka ajiye shi da idonsu, ba sa saurin yarda. A Jami'ar Kyoto ta Japan kuma, Akiko Takaoka da abokan aikinta sun gwada karnuka 34 a wani bincike da ya fito a 2015: mutum ya fara nuna musu gaskiya suka bi, sannan ya nuna musu mazubin wofi, da ya dawo yana nuna gaskiya a karo na uku sai yawancinsu suka daina bin sa, amma da aka kawo sabon mutum suka koma bi. Ashe kare yana riƙe da lissafin wanda nuninsa ya cika da wanda nasa bai cika ba, kuma lissafin na mutum ɗaya ne, bai shafi kowa da kowa ba.

Mai karanta rahoton Dognition ya kamata ya san cewa bayanin da ke cikinsa ya fito ne daga ɓangare ɗaya na wata muhawara da ba a rufe ba. Hare yana kan ra'ayin cewa kare da wannan shiri ake haifarsa. Monique Udell da Nicole Dorey da Clive Wynne sun ƙalubalanci wannan a 2008, lokacin da suka gwada kyarketai da suka saba da mutane sosai a wata cibiya da ke jihar Indiyana, suka tarar suna bin nuni, har sun fi karnukan gida da aka gwada a waje da kuma karnukan gidajen ajiye waɗanda ba su da masu su. A wurinsu, reno da sabo da hannun mutum su ne jigo. Hujjojin da suka biyo baya sun ƙara wa ɓangaren Hare ƙarfi. A 2021 Emily Bray ta Jami'ar Arizona ta gwada kwiyakwiyai 375 masu kimanin mako 8, waɗanda har lokacin suna tare da 'yan uwansu ba su shiga gidan kowa ba, ta tarar suna bin nuni tun daga zagayen farko ba tare da sun ƙara ƙwarewa a zagayen baya ba, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakaninsu gado ne ya kawo shi. A wannan shekarar ce Hannah Salomons ta Jami'ar Duke ta kwatanta kwiyakwiyai 44 da 'ya'yan kyarkeci 37 masu mako 5 zuwa 18. 'Ya'yan kyarkecin da hannu aka shayar da su, tare da mutane suke kwana, amma babu ko ɗaya cikin 26 da aka gwada da ya wuce abin da sa'a za ta bayar, alhali 17 cikin kwiyakwiyai 31 sun riƙa zuwa inda aka nuna, kuma a gwajin tuna abu ɓangarorin biyu kunnen doki suka yi. Duk da haka, binciken da Anindita Bhadra da ɗalibanta suka yi kan karnukan titi 160 a biranen Indiya, wanda ya fito a 2020, ya nuna yadda abubuwan biyu suke cuɗanya: kusan rabin karnukan ko matsowa ba su yi ba, amma cikin waɗanda suka matso kimanin kashi 80 cikin 100 sun bi nunin baƙon da ba su taɓa gani ba. Baiwar tana nan, sai dai abin da kare ya gani a hannun mutane shi yake yanke ko zai yi amfani da ita. Saboda haka wanda ya ɗauko babban kare da ya sha wuya a baya, ya ga bai bi hannunsa ba, kada ya karanta wannan a matsayin hukunci kan ƙwaƙwalwar dabbar.

Matsala mafi girma ga duk gwajin da mai dabba yake yi da kansa tsohuwa ce. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na ƙasar Jamus mai suna Hans wanda aka ce yana lissafi ta hanyar buga kofato, har Oskar Pfungst ya nuna a 1907 cewa dokin yana karanta 'yan motsin jikin mai tambaya ne, motsin da shi kansa mai tambayar bai san yana yi ba. Kare ya fi kowa iya wannan karatu, kuma a Dognition mai nuni da mai riƙo da mai rubuta sakamako duk mutanen gida ne masu son karen ya burge. Ɗan karkata kafaɗa, ko sakin igiya a lokacin da kan karen ya juya gefen da ake so, ya isa ya sauya zagaye. Masu shafin ba su kau da kai daga wannan ba. A 2015 sun wallafa nazari a mujallar PLOS ONE kan bayanan mutane fiye da 500, rabinsu sun biya kuɗi rabi kuma kyauta suka shiga, suka nuna cewa sakamakon ya yi daidai da abubuwa da dama da aka riga aka gani a jami'o'i, kuma ba a ga wata alama mai ƙarfi ta cewa mutane suna murɗe amsa ba. Wannan abin yabo ne, domin ba kowace hidima ce take kai bayananta gaban masana su duba ba, kodayake ya dace a tuna cewa cikin marubutan akwai waɗanda suka gina shafin.

Sai dai abin da wannan nazari ya tabbatar shi ne ingancin bayanan idan an tara su da yawa, wanda ya sha bamban da ingancin hukuncin da aka yanke wa kare ɗaya. Lissafin a fili yake. Idan zaɓi biyu ne kuma zagaye 6, karen da bai kula da hannu ko kaɗan ba, yana zaɓe ne kawai yadda ta faɗo masa, yana da damar kusan kashi 11 cikin 100 ta ya dace da inda aka nuna sau 5 ko fiye. Karen da yake da son gefe ɗaya, abin da ya zama ruwan dare a irin waɗannan gwaje-gwaje, zai fito da rabi da rabi ko da kuwa ya fahimci nunin sarai. Idan aka haɗa ɗaruruwan karnuka, irin wannan hayaniya tana wanke kanta, amma a kan kare ɗaya a yammaci ɗaya, yunwa ko gajiya ko motsin wani abu a bayan taga suna iya matsar da shi daga wannan bakin ma'auni zuwa wancan. A kan irin wannan tushe ne ake ɗora laƙabi ɗaya cikin 9 da shafin yake rabawa, waɗanda suka haɗa da wanda aka sa wa sunan Einstein da wasu masu ma'anar gwani ko mai farin jini ko mai bin ra'ayin kansa. Duka laƙuban an rubuta su da daɗin ji, babu wanda zai ɓata wa mai kare rai, kuma na fahimci dalilin kasuwanci da ke bayan haka. Damuwata ita ce suna yana manne wa a zuciya fiye da lamba, kuma mutumin da aka gaya wa karensa mai bin ra'ayin kansa ne yana iya rage yi masa nuni, ta haka ya rage masa damar koyo, har abin da aka faɗa ya zama gaskiya saboda an faɗe shi.

Akwai kuma abubuwan da ba hali ba ne, jiki ne da asali. Márta Gácsi da abokan aikinta sun nuna a 2009 cewa karnukan da aka kiwata domin aiki ido da ido da mutum, irin na kiwon tumaki da na ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo, sun fi waɗanda aka kiwata domin aiki su kaɗai, irin masu bin sawu da masu jan keken ƙanƙara, bin nuni, kuma masu gajeren baki da idanu a gaba sun fi masu dogon baki. Bayanan Dognition kansu sun ba da gudummawa a nan: wani nazari na 2019 da ya yi amfani da karnuka fiye da 7,000 daga nau'i 74 ya gano cewa nau'o'i masu babbar ƙwaƙwalwa sun fi iya tuna abu na ɗan lokaci da kuma kame kai. Wannan yana nufin kuɗin da mutum ya biya da zagayen da ya shigar suna shiga wani rumbu da ake fitar da ilimi na gaske daga cikinsa, kuma ni wannan ya ƙara mini ganin ƙimar hidimar.

Sauran wasannin ba su kai na nuni armashi ba a wurina. Na hamma, inda mutum yake yin hamma a gaban kare a ga ko zai kama, ya tsaya ne a kan binciken da sakamakonsa ya saɓa wa juna. Na haɗa ido, inda ake riƙe loma kusa da fuska a auna tsawon kallon, yana da wuya a raba kallon mutum da kallon lomar a cikinsa. Na wayo kuwa yana da daɗin yi: a ajiye loma a hana kare, sannan a gwada shi ana kallonsa, a gwada an juya baya, a gwada an rufe ido, a ga yaushe zai ɗauka. Na ƙwaƙwalwa da hanci, inda ake sauya wa loma kofi bayan an kare idon karen, yakan ba mutane mamaki, domin karnuka da yawa inda suka gani suke komawa maimakon su shinshina.

Ta fuskar aiki, bayanin shafin da Turanci yake, ana buƙatar intanet a lokacin wasa, kuma ba a iya yi ba tare da mataimaki mai haƙuri ba. Ɗakin ya zama shiru kuma da faɗin da kare zai yi 'yan taku kafin ya kai ga zaɓi, lomar ta zama ƙanana ƙwarai domin zagayen suna da yawa kuma karen da ya ƙoshi ba ya damuwa da inda hannu ya nufa. Ana iya tsayawa tsakanin rukuni da rukuni a ci gaba wata rana, kuma hakan ya fi, musamman ga kwikwiyo da tsohon kare. Yana da kyau mataimaki ya riƙa kallon ƙasa lokacin da ake nuni, ya saki karen da jin murya kawai, domin kada hannunsa ya san amsar. Wanda yake neman maganin wata matsalar hali, kamar cizo ko tsoro mai tsanani, ba nan zai same shi ba, likitan dabbobi ko ƙwararren mai horarwa ya kamata ya nema. Hidimar ta fi dacewa da wanda yake zaune lafiya da karensa kuma yana son ya san ta wace hanya saƙonsa yake isa, da mai shirin koya wa kare aiki da alamar hannu, da kuma mai karen da jinsa ya fara raguwa wanda nan gaba hannu ne zai maye masa gurbin murya.

Ga wanda zai shiga, shawarata ita ce ya maimaita wasannin hannu da ƙafa da kansa bayan wasu makonni, a wani ɗaki, sannan ya sa wani mutum dabam ya yi nunin, ya kwatanta abin da ya gani da abin da rahoton ya ce kafin ya amince da shi. Wasan kofin wofi kuwa kada a mai da shi abin nishaɗin da ake nuna wa baƙi, saboda abin da aka gani a Kyoto. A yi shi iya adadin da shafin ya nema, sannan a biyo shi da zagaye da dama waɗanda duk inda hannu ya nuna akwai loma a wurin.